Asalin Ɗan Matsue

Ranar da Alhaji Seydou ya ce ba zai ba da 'yarsa Oumaima ba sai an binciko asalin yaron, babu wanda ya yi masa musu, domin haka ake yi. Wanda za a aika ne ya zama aiki. Da a Zinder ne, sai a tashi dattijo guda ya je unguwar su yaro, ya zauna wurin mai shayi, kafin la'asar ya dawo da labarin kaka da kakan kaka, har da wanda ya taɓa taɓuwa a dangin. To, wannan yaron, Kohei, mutumin Japan ne, daga wani gari da ake kira Matsue, kuma duk 'yan Nijar ɗin da ke garin Greensboro na Amurka babu wanda ya taɓa ko giftawa ta can.

Addini ba shi ne matsalar ba. Shekara biyu ke nan da Kohei ya musulunta, kuma ran Juma'a yakan riga Alhaji shiga sahu. Aikin yi ma yana da shi, injiniya ne a wani kamfani kusa da filin jirgi. Alhaji dai tambayarsa ɗaya ce.

"Musulunci daban, asali daban," in ji shi. "Cikin birni gidansu yake ko waje? Shi ke nan abin da nake son ji."

Alhaji ɗan Birni ne, wato tsohuwar unguwar Zinder da ke kewaye da fada. Shekararsa goma sha shida a Amurka yana lodin kujeru a wani sito, amma har yau in baƙo ya sauka daga gida, kafin ya tambaye shi hanya sai ya tambaye shi unguwa.

Aikin ya faɗo kan Rabiou, ƙanen Hajiya Kouloussoum uwar yarinya. Direban tasi ne, amma ya yi shekara biyu yana karatun tarihi a jami'ar Yamai kafin yajin aiki ya cinye sauran, don haka Alhaji ke kiransa Furofesa, da irin muryar da ake kiran gajere da Dogo. Rabiou bai taɓa aure ba, sai dai babu ɗaurin auren da zai je bai share ido ba. Ya taɓa ganin Oumaima da Kohei a bakin titin Elm, ruwan sama na zuba, lema ɗaya, kowa na tura ta wajen ɗan'uwansa har su biyun suka jiƙe sharkaf. Tun daga ranar ya rantse a zuciyarsa cewa in wannan aure bai yiwu ba, to duk littattafan da ya karanta ƙarya suka yi masa.

Ya kira Kohei wani shagon kofi, ya yi masa tambayar a hankali. Yaron bai ga abin ɓoyewa ba. Bayan mako biyu ya dawo da kwafin wata tsohuwar taswirar garinsu da mahaifiyarsa ta aiko, ya ɗauki jan biro ya ɗiga a wani wuri can gefe, a bakin kogi.

"Nan ne gidanmu na asali, Kawu," ya ce da Hausarsa mai tafiyar rarrafe. "Unguwar maƙera. Kakannina lauje suke yi, da wuƙa."

Ya faɗa da alfahari, fuskarsa har tana haske. Rabiou ya ji kofin ya koma masa ruwan maɗaci. Waje, kuma maƙeri. Ya san Alhaji sarai: zai gaisa da maƙeri, zai ci abinci da shi, zai ma bi shi salla, amma ba zai ba shi 'ya ba.

Daga nan Rabiou ya tare a babban laburaren gari. Sai ya ajiye tasi kusa da tashar bas, ya shige, fasinja na can na jira shi yana Japan. Da niyyar neman mafita ya fara, amma kafin kwana uku garin ya sace masa zuciya. Gari ne da ke zaune tsakanin tafkuna biyu, kogi guda ya haɗa su ya kuma raba garin gida biyu. Da can fadama ce zalla. Aka sare tudu aka cike ta da ƙasarsa, aka gina fada baƙa ƙirin a kan wani tsauni, aka zagaye ta da gwalalo cike da ruwa. Rabiou yakan zauna ya ƙura wa hoton faɗuwar rana a kan tafkin ido har ma'aikaciyar laburaren ta zo ta tambaye shi ko lafiya.

Mafita dai bai samu ba. Duk littafin da ya buɗe abu ɗaya yake faɗa: jarumai da 'yan majalisa a cikin gwalalo, masu sana'a a waje. Kai ka ce wanda ya zana Zinder ne ya je can ci-rani.

Ran Asabar ya sayi farin ruwan goge rubutu. Ya shafe jan ɗigon Kohei, ya hura ya bushe, ya sake buga takardar a inji, sannan ya ɗiga sabo a cikin gwalalo, dab da gindin tsaunin fada. A takarda tafiyar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya gaya wa kansa cewa masoya sun yi abin da ya fi haka.

Da yamma ya ɗauko Oumaima daga makaranta. Tana zaune a gaba tana cizon farce.

"Kawu, *please*, gobe ka faɗa masa gaskiya kawai. In ya ƙi, ya ƙi, sai mu san abin yi."

"Ke dai bar wa kawunki," ya ce, bai kalle ta ba.

Lahadi bayan azahar aka zauna a falon Alhaji da ke gabashin gari. An kira Malam Sumaila, wani dattijo ɗan zangon Kumasi, ya zama shaida. Butar shayi na kan ɗan murhun lantarki a tsakar kafet. Hajiya Kouloussoum na tsaye a ƙofar kicin tana goge farantin da ya riga ya bushe, Oumaima kuwa tana sama, an ce kada ta sauko, kowa kuma ya san tana zaune a kan matakala.

Rabiou ya shimfiɗa taswira, ya gyara murya.

"Garin yana yammacin ƙasar, kusa da teku. Mutanensa sun kusa dubu ɗari biyu."

"Bai kai Zinder ba ke nan," in ji Alhaji.

"Kusan ɗaya suke."

"Kusan. Ci gaba."

"Tafkin yamma ruwan zartsi ne. A cikinsa suke kamo wasu 'yan mitsi-mitsin ƙumba baƙaƙe, dangin dodon koɗi, su yi romo da su."

Malam Sumaila ya ce a mazhabar Maliku duk abin ruwa halal ne. Alhaji ya ce bai ce haram ba ne, ya dai tausaya musu.

"An gama ginin fadar a shekarar 1611," Rabiou ya ci gaba, muryarsa ta fara ɗumi. "Wato ta girmi ganuwar Zinder da shekara fiye da ɗari biyu."

"*Bon*. To, wa ya ƙirga?"

"A rubuce yake, Alhaji. Hanyoyin garin da gangan aka karkace su, don in abokan gaba sun shigo su ɓace. An tara ɗakunan ibadarsu a unguwa ɗaya a kudu, su zama sansani in yaƙi ya zo. Har rijiya aka haƙa a cikin ginin fadar saboda ranar da za a yi musu zobe."

"Yaƙi nawa suka ci?"

Rabiou ya ce, "Ba a taɓa kawo musu yaƙi ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Malam Sumaila ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Shekara ɗari huɗu suna jiran baƙo bai zo ba. Ai kamar matata ce ran Salla."

Rabiou bai kula shi ba. Ya ba da labarin gidajen sarauta uku, biyu na farko duk sun ƙare don rashin magaji, na uku ya yi sarakuna goma. Ya kawo labarin sarkin da ya shahara da shayi, wanda har yau saboda shi mutanen garin ba sa wasa da shayi da kayan zaƙi. A nan Alhaji ya gyaɗa kai karon farko, ya ce wannan sarkin ya san abin da yake yi. Da Rabiou ya zo kan lokacin da sabuwar gwamnati ta sa a rushe fadoji, aka sa wannan a kasuwa kamar tsohon katako, sai wani manomi mai hali da wani tsohon jarumi suka taru suka cece ta, muryarsa ta karye, sai da ya tsaya ya kurɓi ruwa.

"Furofesa," in ji Alhaji, "kuka kake yi wa ginin mutane? Nuna mini gidan."

Rabiou ya ɗora yatsa a kan jan ɗigo. "Ga shi. Cikin gwalalo. In sarki ya yi tari, a tsakar gidansu ake ji."

Ya jira murna. Alhaji ya sa tabarau, ya sunkuya, ya daɗe yana auna tazarar ɗigon da fadar. Sannan ya cire tabarau ya ninke, ya jingina da kujera.

"Ban ba da ita ba."

Farantin hannun Hajiya ya tsaya. Daga kan matakala aka ji wani abu kamar an danne numfashi.

"Alhaji," in ji Rabiou, "cikin birni fa na ce."

"Na ji ka. Ni ɗan Birni ne, ni zan gaya maka halinmu. Mace ta shigo mana daga waje, ko zinariya ce sai mun nuna mata ita baƙuwa ce. Tambayi yayarka ga ta nan. Don kawai daga unguwar Zango take, bayan ganuwa, shekara bakwai gwaggona ba ta kira sunanta ba."

"Tara," in ji Hajiya.

"Ka ji ko? Tara. Mu ke nan da muke nesa da ƙofar fada da ɗan taƙi. Ina ga waɗanda ke jin tarin sarki?" Ya ɗauki kofi ya ajiye bai sha ba. "Sannan a zo biki, su sauka da rigunansu na gado, su ce ina uban yarinya, me yake yi? A ce yana ɗaukar kujera a sito. Ni Seydou in tsaya ana duba na daga sama har ƙasa? A kai kasuwa."

Malam Sumaila ya ce lalle wannan magana ce, ƙwarya ta bi ƙwarya.

Rabiou ya dubi jan ɗigon da ya matsar. Ya gina gada da hannunsa, ga shi ita ce ta rufta da masoyan. Yana jin kukan Oumaima ƙasa-ƙasa ta bayan bango, irin kukan da ake yi da tafin hannu a baki. Abu ɗaya ya rage masa a garin nan, shi ne a ce Rabiou mai ilimi ne, in ya faɗi abu haka yake. Ya sa hannu a aljihun kwat, ya taɓa ɗaya takardar, ta asali, mai busasshen farin ruwa a gefe. Ya fito da ita ya shimfiɗa a kan ta farko.

"Ni na matsar da gidan."

"Ka yi me?"

Ya kankare farin da farce har jan ɗigon ya leƙo. "Nan yake. Waje, bakin kogi. Unguwar maƙera. Lauje da wuƙa kakanninsa suke yi. Shi bai ɓoye ba, ni na ɓoye."

 Malam Sumaila ne ya fara magana.

"Ɗan'uwa, na ga masu ɗaukar kaya a Kumasi, amma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki gida da harsashinsa ya tsallake ruwa da shi ba."

Hajiya ta ce, "Rabiou, ka ji kunya," amma idonta na kan mijinta.

Alhaji ya mayar da tabarau. Ya duba ɗigon gaskiya, ya auna nisansa da fada da yatsu biyu, ya sake aunawa. A hankali fuskarsa ta saki, kamar ta mutumin da aka cire wa ƙaya.

"Maƙeri," ya ce, yana tauna kalmar. "To ai maƙera mutanen kirki ne. Suna da ladabi. Sun san girman mutane." Ya juya wajen Malam Sumaila. "Shi ya sa in ya gaishe ni yake sunkuyawa har ƙasa. Na ce wannan tarbiyya ba a banza ba."

Rabiou ya buɗe baki zai ce a ƙasarsu kowa haka yake gaisuwa, har sarki. Hajiya ta harare shi, ya rufe.

"A gaya masa ya turo magabatansa," in ji Alhaji. "In babu, Malam Sumaila ya tsaya masa. Mu ba ma ƙyamar talaka."

Aka ji gudu a kan matakala zuwa sama, ƙofa ta buɗe ta rufe, sai muryar Oumaima a waya, rabi kuka rabi Turanci. Malam Sumaila ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Rabiou ya shafa tasa da idanu jiƙe, bai san ko na murna ba ne ko na sabon sunan tsokanar da ya san zai bi shi daga yau har tashar bas.

Ya tattara takardunsa zai miƙe, Alhaji ya dafe ɗaya da tafin hannu.

"Wannan ta farkon, mai gida a gindin fada. Bar mini ita."

"Alhaji, ta ƙarya ce."

"Na sani, Furofesa. Buga mini guda biyar, masu kala. Ita za a aika Zinder."