Kuɗin Gyaran Makina

A Makka, garin da ko rafi babu, kifi ne ya so ya raba ni da 'yata.

Mutanen garin nan in ƙarshen mako ya zo, sai su loda sandunan kamun kifi a mota su nufi bakin teku a Shu'aiba. A jikin kowace sanda akwai wani ɗan inji da ake juyawa ya naɗo zare, makina suke ce masa. Ruwan gishiri kuwa ba ya barin ƙarfe lafiya. In ta sha teku ta ƙoshi sai ta cije, ta riƙa kuka kamar tsohon ƙyaure. To gyaranta shi ne abincin surukina Issoufou, mutumin Maraɗi, mijin 'yata Maijidda. Yana da ɗan lungu a shagon wani mai gyaran agogo nan unguwarmu Mansur. Ya kwance ta kaf, ya wanke gishirin, ya sa mata mai, ya canja abin da ya ci, ya faɗi kuɗinsa. Da wannan yake riƙe da mace da 'ya'ya uku.

Sai ɗana Munzali, yayan Maijidda, direban bas a tashar Kudai, mai albashi duk wata, ya riƙa zuwa yana zama gefen Issoufou yana kallo har ya iya. Hannunsa na da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Kan ne dai sai a hankali. Ya gyara ta abokin aikinsa a ƙofar gidana, ya gyara ta ƙanin abokin, kafin ka ce me, ƙofata ta zama kasuwa.

Nan garin in ka tambayi mai sana'a kuɗinsa, yakan ce "kalliha alaina", wato bar shi a kanmu. Kowa ya san baki ne kawai. Ka ce a'a, ya ce a'a, sannan ya faɗi kuɗi ka biya, kowa ya tafi da mutuncinsa. Shi kuwa Munzali ya ɗauki maganar ya haɗa ta da kunyar da ya gada wajen ubansa. Da mutum ya sa hannu a aljihu sai ya ce wallahil azim ko riyal ɗaya ba zai karɓa ba. To wa zai ja wa Musulmi kaffara, a Makka kuma? Sai mutum ya zare hannunsa, fuska a ɓace, zuciya tana murna. Mai kirki a cikinsu ya dawo da kifi biyu a leda, waɗanda matarsa ta ƙi.

Lungun Issoufou ya bushe ƙayau.

Maijidda ta zo mini da ido ja. Ta ce mijinta ya ce in aka yi sallah abin bai canja ba, zai kwashe su su koma Maraɗi. Yarinyar da na haifa a Mansur, 'ya'yanta ko gaisuwar Hausa sai an matsa musu. Kuma wanda ya fita daga ƙasar nan, dawowarsa sai wani ikon Allah. Ni da gwiwoyin nan nawa, in ta tafi, mun rabu ke nan sai a tashin ƙiyama.

Na kira Munzali na faɗa masa. Ya ce arziki na Allah ne, shi bai kori kowa daga shagon kowa ba, kuma lada a garin nan ninki ake yi.

"Inna, alheri fa nake yi."

"Da tuwon ƙanwarka kake yin sa. Ka yi da albashinka mana, mu ga tsawon alherin."

Ya ce ya riga ya saba wa mutane, ba zai iya buɗe baki yanzu ya ce a biya shi ba. Ya ɗauki makullinsa ya fita.

Sai na tafi gidan Maijidda. Issoufou irin mutanen da ne, ba ya haɗa ido da suruka, in ya hango ni a titi sai ya tsallaka. Ya zauna bayan labule, ni a ɗaki, Maijidda a tsakiya tana kai magana tana kawowa, alhali duk muna jin numfashin juna. Na ce ta tambaye shi nawa yake karɓa. Ya ce da can talatin, amma ya rage zuwa sha biyar ko mutane sa dawo. Nan raina ya ƙara ɓaci. Na ce ta tambaye shi ko ya taɓa ganin wanda ya yi tseren araha da kyauta ya ci.

Ni waina na sayar a titin nan har bayana ya lanƙwashe, na san yadda ake sa kuɗi. Akwai kuɗin shinkafa da mai, akwai kuɗin wuta, akwai kuma kuɗin ƙugu, wanda wawa ke mantawa. Na ce ya faɗa mini man da makina ke sha, da hayar lungunsa, da tsawon zaman da take ci. Ya ce ƙaramar takan cinye masa hantsi, babbar ta masu shiga jirgin ruwa kuwa yini guda ce, ga idonsa ya fara ja da baya saboda ƙananan kusoshi. Na auna na ce ƙarama arba'in, babba ninkinta, abin da aka canja mai kaya ya saya. Ya ce ta faɗa mini ya yi yawa, mutane za su gudu. Na ce ta faɗa masa ai sun riga sun gudu, me ya rage ya ji tsoro?

Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗauki kujerata na ajiye a bakin ƙofar gidana. Wani mai ƙatuwar mota da ake ce wa Abu Nayif ya zo karɓar makinarsa guda biyu. Suka yi wasansu, ya taɓa aljihu, Munzali ya zabga rantsuwa, mutumin ya juya zai tafi. Na miƙa sandata na tare hanya. Na yi masa Larabcina na kasuwa.

"Shi ya rantse, ni ban rantse ba. Ƙofar tawa ce, fitilar tawa ce, ɗan ma ni na haife shi. Hamsin-hamsin."

Ya yi dariya ya dubi Munzali. Munzali ya dubi ƙasa. Masu shayi da masu wucewa sun fara tsayawa, kuma babu namijin da ke son a gan shi yana ciniki da tsohuwa a tsakiyar Mansur. Ya biya. Da zai shiga mota na ce masa in tsada ta dame shi, shagon mai agogo arba'in ne, kuma can babu tsohuwa a ƙofa.

Munzali ya ja ni ciki ya rufe ƙofa. Ya ce na tozarta shi, na mai da shi maƙaryaci a gaban mutane. Na ce ya kwantar da hankalinsa, rantsuwarsa tana nan lafiya lau, don ko riyal ɗaya ba zan ba shi ba. Ban kuwa ba shi ba.

Haka na yi ta zama duk ƙarshen mako. Waɗanda ke cewa don Allah suke son Munzali, ƙafarsu ta ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka koma Jidda da gyaransu, wasu suka sauka shagon mai agogo suna ƙunƙuni. Ba duka suka dawo wa Issoufou ba, amma waɗanda suka dawo sun isa a ɗora tukunya. Kafin azumi Maijidda ta zo ta ce mini mijinta ya biya hayar lungun ta shekara mai zuwa, maganar Maraɗi ta mutu.

Munzali kam har yau fushi yake. Yana gaishe ni daga tsaye, yana cin abincinsa a Kudai. Ni ma ban huce ba. Ƙato da gemunsa, ya kusa korar ƙanwarsa daga ƙasa don a ce masa mutumin kirki, kuma wai ni yake jira in ba shi haƙuri. To ya yi ta jira. Jikokina suna nan layi biyu da ni, kuma rabonsa na tuwo su ke cinyewa.