Amplin Baba da Kaskon Inna

"Akwatin ga ya mutu, Halidu. Bari in ƙwaƙule cikinai in sa mai kayan zamani."

"Ba ka taɓa shi, Maiguwa," na ce.

"To ku zamna kai da shi ku yi ta raɗa. Ranar bikin Fiddausiya sai mutane su riƙa kawo kunne ɗaya-ɗaya kamar masu jin gulma."

Maiguwa taubashina ne, mai gyaran rediyo a kasuwar Buza, bakinsa ba ya hutu. Da sassafe ya iso Keita don wannan aiki. Akwatin kuwa amplin Baba ne, mai ƙara sautin jita, tsoho, irin mai kwalabe a ciki waɗanda ke yin ja kamar garwashi idan sun ɗau zafi. Da shi Baba ya yi kiɗan jita a bukukuwa har Madawa. Tun da ya rasu muryar akwatin take janyewa. Ka murɗa maɓalli har ƙarshe, sauti ya fito siriri, kamar mai kira daga bayan dutse. Ƙanwata Fiddausiya abu guda ta roƙe ni: ranar aurenta a ji jita ta bakin amplin Baba.

"Ka duba shi tukuna," na ce.

"Bawa na ba ubangidansa umurni. Duniya ta lalace."

Amma ya duƙa. Ya canza wayar jita, sautin bai canza ba. Ya haɗa lasifikar akwatin da rediyonsa, ta yi ruri har awaki suka watse a tsakar gida. Ita lafiyarta lau. Ya auna kuran, wato wutar lantarki, da mitarsa, ya cika.

"Ka gani? Zuciyar ce ta gaji."

Na leƙa ta bayan akwatin. Kwalaben na ci a hankali, ja-ja, kamar wutar girki a ƙauyukan kwari idan ka hango su daga kan tudu. Na ga kamar akwai mutane a ciki, ƙanana, suna zaune kan tabarmi, wani dogo da rawani yana ɗaure tsirkiya. Ɗumin ya taɓa fuskata. Har da ƙamshin rigar Baba.

"Kai, mai mafarki, kaɗa mu ji."

Na kaɗa. Maiguwa ya ɗauki kara yana ɗan tura kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Manyan ba su ce komai ba. Da ya taɓa ƙaramar, wadda sautin jita ke fara shiga, sai akwatin ya yi tsawa sau guda, ya koma raɗa.

Muka dubi juna.

Ya kashe, ya jira ta huce, ya sauke ragowar kuran da ke maƙale a ciki, sannan ya zare ta. Ƙafafunta na ƙarfe sun yi baƙi, wani ƙaro mai danƙo ya lulluɓe su. Ya kai hanci.

"Wanga ai turare na."

Na riga na sani. Tun kwanakin takaba, kullum da hantsi Inna kan shigo ɗakin da kaskon turare, ta aje shi a bayan akwatin, ta rufa masa babbar rigar Baba, yadda take turara masa tufafi yana da rai. Ina gani. Ban taɓa haɗa abin da ciwon ba.

"Hayaƙi ya shaƙe shi," in ji Maiguwa, a hankali yanzu. "In anka ci gaba, ko na wanke komawa zai yi. Kai za ka hwaɗa mata."

Ya jiƙa auduga da alkol, sinadarin goge datti, ya bi ƙafafun da ramukansu. Audugar ta yi ja. Ƙamshin ya tashi ya bar akwatin.

Ya mayar, ya kunna. Na kaɗa tsirkiya guda. Muryar ta fito cikakkiya, mai kauri, da 'yar tsagewar nan da kowa ya sani. Ta cika ɗakin, ta fita ta taga, ta bi kwari.

Inna na tsaye a bakin ƙofa. Kasko a hannunta, rigar a kafaɗarta, hayaƙi na hawa a gaban fuskarta. Ta daɗe tana saurare.

"Ya ji daɗin turaren," ta ce.

Maiguwa ya sunkuyar da kai yana ninke audugar.

Inna ta juyo gare ni. "Halidu, in aje mai nan baya, inda na saba?"