Gyaɗar Inna Iyatu

Duk unguwarmu ta Minanata an shaidi mijina Abdulshakur da kula da lafiya. Ya bar sigari, ya bar lemon kwalba, nama in ya ƙone ba ya kallonsa. Da an sallame asuba sai ya ɗaura takalmi ya zaga unguwa, har ofishinsu na Sama Road wa'azin motsa jiki yake wa mutane. In na ji ana yabonsa sai raina ya ɓaci, domin ni na san abin da ke cikin aljihun rigarsa: ƙuli-ƙulin uwarsa.

Bara yayansa Attahiru ya rasu, ciwon dajin hanta. Wata huɗu ya yi kwance, cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya. Bayan arba'in aka gwada jinin 'yan gida, aka sami ƙwayar ciwon hanta a jikin mijina, irin wadda Attahiru ya ɗauka shekaru bai sani ba. Ina zaune likita ta lissafa masa abin da zai kiyaye. Ta ce ya riƙa zuwa awo, a yi mana rigakafi ni da yara, kuma ya nisanci gyaɗa ko hatsin da ya yi fumfuna. Akwai dafi a ciki, in ji ta, suya ba ta kashe shi, kuma in ya haɗu da irin hantarsa haɗarin yana ninkuwa.

Ya bi komai, ban da wannan ɗaya.

Inna Iyatu, uwarsa, manomiya ce a ƙauye. Kowace kaka takan baza gyaɗarta a tabarma ta tsince. Masu kyau su tafi kasuwa, mafi kyau a ajiye iri. Yamutsattsu, masu baƙi-baƙi da masu ɗaci, su ne na gida: a soya, a matse mai, a murza ƙuli-ƙuli, a aika wa 'ya'ya birni. Haka ta taso ta gani, ba ta taɓa jin wani ya ce laifi ne ba.

Sau uku ina cewa ya gaya mata. Sau uku yana ba ni amsa ɗaya.

"Murja, uwata ta. In dube ta in ce abincinki guba na? Ba ni iyawa."

"To ka amsa, ka ba ni in zubar."

"Abin da tay yi da hannunta?"

Ka ji fa. Mutumin da ke tsayawa gaban abokan aiki yana kashedi a kan sukari, ya kasa buɗe baki gaban tsohuwa ɗaya. Na ɓoye, ya binciko. Na zubar, ya kwana biyu bai yi mini magana ba.

Bana Inna ta zo da kanta, da buhu guda na gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Bayan la'asar na fito daga kicin na tarar ta kwance bakinsa a tsakar gida. Warin rima ya buge ni tun daga nesa. Ta cika faranti da ƙuli-ƙuli ta tura gaban Abdulshakur, ta ɗebi wani ta miƙa wa 'yata Khaula. Shi kuwa yana tauna, yana kauce wa idona.

Ban san lokacin da na fizge farantin ba. Shekara tara ina gidan, ban taɓa ɗaga murya gaban Inna ba, ko sunanta ban taɓa kamawa ba. Ranar kunya ta ƙare mini.

"Mi kiy yi haka, ɗiyata?" in ji ta.

"Inna, ɗanki ba shi da lahiya. Ciwon hanta garai, shi aɓ ɓoye miki. Likita ta ce gujiya mai hunhuna na iya kai shi inda Yaya Attahiru yat tahi. Ya sani, shina ci, don kar ranki shi ɓaci. Ni ba ni zama takaba don kunya!"

"Murja!" Abdulshakur ya daka mini tsawa.

"Hwaɗa mata ƙarya ni kai!" na mayar masa.

Ya ajiye ƙuli-ƙulin da ke hannunsa. Na zaci Inna za ta zage ni, har na shirya. Sai ta zura hannu cikin buhun, ta ɗebo gyaɗar, ta kai ta kusa da idonta ta daɗe tana dubawa.

"Attahiru ya hi kowa son ta," ta ce a hankali. "Kullum nashi kashi ya hi yawa."

Na ce mata likita ba ta ce ita ce ta kashe shi ba, ƙwayar cutar tana jikinsa tun da can, kuma kwana ne ya ƙare. Gaskiya na faɗa, amma ba ta saurare ni ba. Washegari ta ɗaure buhunta ta bi motar farko, ko karin kumallo ba ta tsaya ba.

Kwana takwas gidan kamar an yi rasuwa. Yana ganin na tozarta uwarsa, ni kuma ina ganin ragwancinsa ne ya ja. Ban ba shi haƙuri ba, kuma har yau ban ga dalili ba.

Rana ta tara, Na'Allah direban ƙauyensu ya yi sallama da ƙaramin buhu. Na kwance. Gyaɗa ce da ɓawonta, busasshiya ƙayau, manya-manya. Na ɓare goma, ban sami mai tabo ko ɗaya ba. Abdulshakur ya duƙa, ya shafa igiyar da aka ɗaure bakin buhun da ita.

"Wanga irinta na," ya ce. "Shi za ta shuka baɗi."

Na'Allah ya gyara hula, ya juyo wajena.

"Inna ta ce ke za a tambaya, ba shi ba. Wai ki duba da kyau. Wagga shina iya ci?"