Kangaru Mai Guntun Wuya

Tun daga nesa Lindsay Hoolihan ya hango farar motar hukuma a gindin ɗakin sanyin da maharba ke kai nama. Gari ya waye, kuma babu halin juyawa, don ƙurar akori-kurarsa ta riga ta tona masa asiri. A bayan akori-kurar kangaru talatin da ɗaya ne rataye a ƙugiyoyi, kowanne da lambarsa a ƙafa. Talatin lafiya lau suke. Ɗayan ne matsalar.

Dokar sana'ar ba ta da kwana-kwana: harsashi a ka, dabba ta mutu nan take. Wanda ya harba a wuya ko a jiki, lasisinsa na iya tafiya. Shekara talatin da huɗu Lindsay yana harbi a dajin Cunnamulla, ba shi da aiki sai yi wa sababbin shiga tsiya. Sai ga shi watan jiya hannunsa na dama ya tsiri rawa, bai kuwa gaya wa kowa ba. A fitar daren nan harsashi ya sauka a wuyan wani ƙaton namiji, ya yi ta shure-shure yana gurnani sai da aka ƙara masa na biyu. Da Lindsay ya zo fiɗa, ya yi abin da ya sha zagin wasu a kai: ya yanke kan can ƙasa, kusa da kafaɗa, don ramin harsashin ya tafi tare da shi.

Jami'ar binciken da ta fito riƙe da kofin shayi Raelene Tuckey ce. Da mahaifinta suka fara harbi, a gaban Lindsay ta girma.

"Kawu Lindsay! Yau ma ka share dajin? Ka rage wa jikoki na kallo mana."

"Ke Rae, ba kya barci ne? Ko mijin ya koro ki?" Dariyar da ya yi, ko shi bai yarda da ita ba.

Ta hau motarsa tana bin kangarun ɗaya bayan ɗaya, tana shafa wuya da yatsa. Ya cusa hannun daman a aljihu. Tsoro yake ji. Mutum mai shekara sittin da biyu, wanda bai iya komai ba sai harbi, ina zai nufa? Ta wuce na goma, ta wuce na sha biyar, sai ta tsaya cak.

"Kawu, wannan ina sauran wuyansa?"

"Wuƙa ce ta zame."

"Wuƙarka? Kai da ka koya wa babana fiɗa?" Ta dube shi, ta yi ajiyar zuciya. "To, wannan ba zai shiga ɗakin sanyi ba, amma ba zan kai ka gaba ba. Ranar Juma'a ka zo filin gwaji, ka yi harbi biyar a takarda, magana ta wuce. Kai ai ko ido rufe ka ci."

Ita a ganinta alfarma ta yi masa. Shi kuwa ya san da hannun nan ba zai ci gwajin ba.

Ta miƙo masa takarda a kan allo da biro ya sa hannu. Dole ya zaro hannun. Biron ya hau bugun allon, kaf-kaf-kaf, kamar kaza na tsattsagar tire. Ya danne da hagu, abin ya ƙi.

Murmushin Raelene ya ɗauke. "Kawu, tun yaushe?"

"Wata guda."

"Wannan kaɗai ne?"

Ya so ya ce e, bakinsa ya ƙi. "Shi kaɗai na samu. Biyu sun gudu da harsashi a jiki. Na bi jininsu har rana ta fito, ban gan su ba."

Ta daɗe tana kallon dajin. Da ta juyo idonta ya yi ja, ta buɗe masa tafin hannu. Lindsay ya ciro walat, ya yi ta fama da katin lasisin. Sai da ta riƙe masa walat ɗin sannan ya iya zare shi.