Katangar Bakin Teku

Shekara biyu bayan teku ya hau garinmu ya tafi da mijina, hukuma ta ce za ta gina mana katanga mai tsayin mita goma sha huɗu. Aka kira taro a ɗakin ƙungiyar masunta. Kowa ya san Baba Kumagai, shugaban ƙungiyar, katanga yake so. 'Yarsa da jikansa sun tafi a ruwan nan, ba mai iya kallon idonsa ya ce a'a.

Ni ciyawar teku da ake ci nake nomawa, kuma a garinmu idan mutane suka daina gaishe ki, kin gama yawo. Duk da haka na miƙe.

"Baba, a gafarce ni. Ranar nan da idona na ga teku ya ja da baya kafin ya hau gari, shi ya sa na gudu. Idan an tare mana teku, me za mu gani?"

"Zauna, Hisae!" wani ya daka min tsawa daga baya. "Wa ya tambaye ki?"

Baba Kumagai ya ɗaga hannu, ɗakin ya yi tsit. Na ce a raina yau kashina ya bushe.

"'Yata, bari in ga ko na fahimce ki. Tsoronki shi ne mu sakankance a bayan katanga, ruwa ya zo mana ba sallama. Haka ne?"

Ban kai ga amsawa ba ƙasa ta girgiza. Kofunan shayi suka zube, jiniyar gargaɗin hawan teku ta fara kuka. Ba wanda ya tsaya neman takalmi. Muka kama hanyar dutse, ina riƙe da hannun tsohon, yana haki, yana tsayawa duk taki goma. Ban yarda na waiwaya ba. Kunnena kawai na kasa, ina jiran ƙarar ruwan nan da na sani.

A saman dutse muka tsaya muna kallon teku. Can ya ce a hankali, "Kin ga yadda nake hawa? 'Yata da goyo take hawa ranar. Minti biyar kawai take buƙata. Katangar nan minti biyar ɗin nake nema da ita."

Ban taɓa tunanin wannan ba, kuma na faɗa masa haka.

"Ni ma ban yi tunanin naki ba," in ji shi. "Sai dai kin fi uwarki taurin kai."

Ruwan bai zo ba. Bayan awa biyu aka ce mu sauka.

Taro shida muka ƙara yi. A ƙarshe aka gina katanga mai mita tara, aka yanka matakala uku masu faɗi zuwa dutse. Shi har yau cewa yake ta yi gajarta, ni ina ganin ta yi tsawo. Jiniya kuwa, ko gwaji ake yi, sai na kama hanyar dutse.