Ranar da Aka Sa wa Shingen Baba Wuta

Motar ma'aikatan gandun daji ba ta gama tsayawa ba Auta ta hango hular mahaifinta a cikin shingen. Yana zaune a kan wani dutse, a tsakiyar ciyawar da suka zo ƙonawa, sandarsa kwance a cinya.

"Malama, wancan ba Baba ba ne?" in ji direba.

"Shi ne. Kada wanda ya taɓa ashana sai na ɗaga hannu."

Baba ne ya kafa shingen nan tun yana malamin daji, don ya kare wani ɗan fure mai launin shunayya da ba ya tsirowa ko'ina sai a kan wannan tsauni. Ma'aikata suna ce masa 'yar-kunya, saboda da rana ta take sai ya rufe. Baba ya hana shanu shiga, ya hana wuta, har ya yi ritaya. Ciyawa ta samu sake, ta yi tsawo ta kwanta a kan 'yar'uwarta, furen kuma yana ta raguwa. Bara hukuma ta sa shi cikin tsirran da ke gab da ƙarewa. Auta, wadda ta karanci tsirrai ta kuma gaji aikin Baba, ta tona ta ga saiwar tana nan da rai, kamar ƙaramar albasa. Haske ne ba ta samu. Dole a ƙone tsohuwar ciyawar.

Ta tura ƙyauren shingen, ta kutsa cikin ciyawa har ƙirji, ta durƙusa a gabansa.

"Ina kwana, Baba. Wa ya hau da kai nan?"

"Ƙafata. Ko ita ma sai da izinin hukuma?"

"Baba, don Allah ka fito. Iska ta kusa tashi. In ba mu kunna yanzu ba, sai baɗi."

"Wato abin da na yi shekara da shekaru duk shirme ne."

"Ba don kai ba ai da shanu sun cinye shi tun ban yi wayo ba."

"To in wutar ta dafa saiwar fa? Za ki je kasuwa ki sayo wata?"

Ta so ta ce ba za ta dafa ba, amma a gaban Baba bakinta ba ya iya ƙarya. "Ba ni da tabbas," ta ce. "Amma in mun bar shi haka, tabbas zai tafi."

A can waje direba ya ga maganar ta yi tsawo, sai ya ɗaga hannu yana kiran shugaban masu kashe wuta ya zo ya sa baki. Ma'aikacin da aka ajiye a gangare, kusa da ƙyaure, ya hango hannu a sama. Ya ƙyasta.

Wata ƙara Auta ta fara ji, kamar ana karya kara. Ta waiwaya. Hayaƙi ya riga ya rufe ƙyauren, wutar tana hawowa, iska na bayanta.

"Innalillahi! Baba, tashi!"

Ya yunƙura, gwiwarsa ta ƙi. Ta sa kafaɗa a hammatarsa ta ɗago shi, sandar ta faɗi, ba wanda ya bi ta kanta. Suka nufi sama, ciyawa tana sarƙe musu ƙafa, tartsatsi yana sauka a mayafinta. Baba yana tari yana cewa ta sake shi ta gudu. Ta ƙara riƙe shi.

Suka kai ga wayar shingen mai ƙaya. Layi a kan layi, a ɗaure tamau, ko ɗan akuya ba zai ratsa ba. Ta ja ta ƙasa da hannu biyu, ƙaya ta shige tafinta, wayar ba ta motsa ba. Bayan wuyanta ya ɗauki zafi.

"Almakashin waya!" ta ƙwala wa direba. "Yana bayan mota!"

Ya zo a guje, garin miƙo mata almakashin ya suɓuce masa cikin ciyawa. Auta ta zura hannu ta lalubo. Ta ɗora a kan wayar, sai ta dubi Baba.

"Me kike kallona?" ya daka mata tsawa. "Yanke!"

Ta yanke. Suka ja shi waje zuwa filin da aka share don tare wuta, masu kashe wuta suka taso da ɗanyen ganye da bututun tankin ruwa suna dukan bakin wutar. Kafin Baba ya daina tari, dutsen da ya zauna a kai ya yi baƙi ƙirin. Ya daɗe yana kallon tokar. Sannan aka sa shi a mota.

Makonni suka wuce, gaisuwarta kawai yake amsawa. Inna ta ce ta ƙyale shi, fushin tsoho ba ya son lallashi.

Bayan ruwan farko ya jiƙa ƙasa, Auta ta hau tsaunin ita kaɗai. Ta dawo da la'asar ta same shi a tsakar gida yana gyara rediyo.

"Baba, furen ya fito. Ta sama ya fito sosai, ban taɓa ganinsa haka ba." Ta durƙusa kusa da shi. "Amma ta gangare, inda wutar ta daɗe, babu ko ɗaya. Na tona, saiwar ta dahu."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da murɗa ƙusa har ta shige.

"Hannun ya warke?"

"Ya warke, Baba."

"To gobe ki zo da wuri, kafin ya rufe. Ki ce wa direban nan ya sa mini matashi a kujera, tuƙinsa kamar ana korarsa."