Rigar Ɗan Rawaya

Tun ranar da na tare a gidan Malam na gane ba mu biyu ba ne, akwai na uku, mutumin takarda. Yana zaune a cikin littattafan nan na zane, masu hotuna akwati-akwati, magana na fitowa daga bakin mutane cikin kumfa. Jarumi ne mai tashi sama, sanye da riga rawaya mai kashe ido. Sunansa na littafi ya fi ƙarfin harshena, sai na laƙaba masa Ɗan Rawaya, sunan kuwa ya bi shi har Malam ma ya kama.

Gyaran agogo Malam yake yi. Tun yana ɗan makaranta yake tara littattafan, kowanne a ledarsa, sun cinye min rabin durowa, zannuwana na zube a kan kujera. Na sha gaya masa gemu ya yi furfura amma hankali na nan aji uku. Dariya kawai yake yi, ya ce in bari a yi fim ɗin Ɗan Rawaya, ranar zan ba shi haƙuri.

Sai hawan jinin ido ya shigo mana. Idon dama ya fara tafiya, Malam ya rufe shago ya ba abokinsa kayan aikin. Na hagu kuma likita bai ɓoye mana ba, ya ce shi ma a hanya yake, magani jinkiri ne kawai. Abin da ya rage masa shi ne abu babba mai haske. Fuskata ba ya rarrabe ta, amma in na ɗaura jan ɗankwali ya san ni ce na shigo. Littattafan ya daina buɗe su. Sai ya ɗauko ɗaya, ya shafa ledar, ya mayar, ni kuma in shige kicin in yi kukana in wanke fuska.

Ana cikin haka autarmu ta dawo daga aiki da labari, wai an yi fim ɗin Ɗan Rawaya, za a nuna a sinima. Zo ka ga tsoho da rawar jiki. Ya ce allon sinima ai bangon gida ne guda, in aka zaunar da shi a gaba-gaba, rigar nan ko ta tsagar ido sai ta shiga. Bai roƙi ya ga fim ɗin duka ba. Sau ɗaya yake so ya ga mutumin nasa ya tashi sama yana motsi, kafin a kashe masa fitila. Maganin da sai na yi masifa yake ɗigawa, ya koma shi ke tuna min lokaci. Ya daina fita rana, yana tattalin idon nan kamar mai tattalin cajin waya.

Auta ta sayo mana tikitin layin farko, wanda kowa ke gudu saboda ciwon wuya. Na yamma muka je. Ya sa kayansa masu kyau har da turare, na ce masa sai ka ce zance za shi. A ƙofa ya kafa min doka, kada in gaya masa komai, da kansa zai gani.

Aka kashe fitilu, fim ya fara. Ruwan sama ne da dare. Aka gama wannan aka shiga wani rami, aka fito daga rami aka koma dare. Kowa baƙaƙen kaya kamar gidan makoki. Can wani ya diro daga saman bene cikin rigar fata mai launin toka, mutane suka yi ihu, na gane Ɗan Rawaya ne. Malam ya miƙa wuya, ya karkatar da kai yadda yake yi in yana neman abu da idon hagu. Da ya gaji ya karya dokarsa da kansa, ya tambaye ni ko har yanzu bai fito ba. Wani saurayi a bayanmu ya ja tsaki, wai mu yi shiru. Na juya na watsa masa harara, sannan na raɗa wa Malam cewa ya daɗe da fitowa, kayan ne suka canza masa.

Sai na ji ya damƙe min hannu, tafinsa sanyi ƙalau.

"Maman Auta, ki ji tsoron Allah ki gaya min. Fim ɗin ne, ko idon ne?"

Na rantse masa fim ɗin ne, ni mai ido biyu ma sai na ƙanƙance su nake gane wa ke dukan wa. Bai saki hannuna ba. Saurayin nan mai tsaki, Allah ya yi masa albarka, shi ya sunkuyo tsakanin kujerunmu.

"Baba, wallahi duhu ne. Mu ma lalube muke yi. Sun ɓata shi."

Nan Malam ya sauke numfashi ya jingina. Daga nan kuma baki ya buɗe. Da kunne ya bi fim ɗin, yana kama musu laifi ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Rawaya na littafi mai barkwanci ne, ko ana jifansa da mota sai ya yi tsokana, wannan kuwa magana yake kamar mai ciwon haƙori. Mugun ma ba haka muryarsa take ba. Na tambaye shi a ina ya taɓa jin muryar mutumin takarda, ya ce ya fi shekara arba'in yana jin ta. Shi da saurayin suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, wannan ya kawo, wancan ya ɗora. Ni kuwa raina ƙuna yake. Mutanen da suka iya rushe gari guda a allo, a ce ƙwan fitila ya gagare su? Wa ya gaya musu in abu ya yi duhu shi ne ya girma? Bawan Allah ya adana ragowar idonsa ya kawo musu, sun tarbe shi da toka.

Dab da ƙarshe aka gama yaƙi, ruwa ya ɗauke, gari ya waye a fim ɗin. Jarumin ya tuɓe rigar fatar nan da ta yayyage, ashe ta asalin na ciki. Ya tashi sama rana na dukansa, ya cika allon daga wannan bango zuwa wancan, rawaya zalla, har ɗakin ya haske ina ganin layin kujeru. Mutane suka miƙe suna tafi. Na juya da murna zan girgiza Malam.

Hasken na kwance a fuskarsa, har a furfurar gemunsa. Idanunsa a buɗe suke, suna kallon allon sak, bai ko ƙifta ba.

"Tafin me suke yi?" ya tambaye ni. "Har yanzu duhun ne?"

Na waiwaya. Saurayin ya rufe bakinsa da hannu yana kallona, na girgiza masa kai.

"Har yanzu, Malam," na ce.

Ya ja dogon tsaki, ya lalubo sandarsa a gefen kujera.

"Sun cuce mu. Ba komai, bari ya zo talabijin, Auta ta ƙara masa haske mu sake kallo."

Na ce to, na riƙe masa hannu muka nufi ƙofa.